A'isha Muhammad Balarabe: Shekara Goma Sha Takwas a Ƙarƙashin Kwando

Duk wanda ya tashi a Samaru ya san wata ƙara da ke tashi bayan La'asar daga cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarar ƙwallo tana dukan siminti, ana yi ana kiran sunayen juna. Ina da shekara goma sha ɗaya yayana ya fara jana zuwa filin, ba don ya koya mini komai ba, sai don in tsare masa takalma da gorar ruwa. Kafin shekara ta zagayo na iya jefa ƙwallo ta faɗa kwando daga inda shi kansa yake kuskurewa. Na yi shekara huɗu ina wasa, sannan na daina. Babu wanda ya ɗaga mini murya ko sanda. Gwaggona ce ta zo daga cikin birni, ta ga ƙafafuna sun yi futu-futu da ƙura, ta dubi mahaifina ta ce, "Yaya, yarinyar nan fa ta zama budurwa. A ina ka taɓa jin 'yar mutunci ta ci abinci da tsalle-tsalle?" Baba bai ce uffan ba, ni ma ban sami amsa ba, domin a lokacin ban san sunan ko mace ɗaya da ta ci abinci da shi ba.

Sunan ya riske ni bayan shekara biyu, a watan Agustan 2017, a Sabon Gari. Wannan unguwa ta kafu ne a farkon ƙarni na ashirin, lokacin da jirgin ƙasa ya iso Zariya ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kuma har yau abin da ake jin nauyinsa a wasu unguwanni, a can ba baƙon abu ba ne. Na je gidan wata ƙawata da muka yi sakandare tare, na tarar da mutanen gidan sun kewaye talabijin suna kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta matan Afirka, wanda ake bugawa a Bamako tsakanin Nijeriya da Senegal. Cikin sunayen da mai sharhi ke jerowa sai na ji ya ce A'isha Muhammad. Na ɗauka kunnena ne. A ajinmu kaɗai akwai masu wannan suna mutum biyu. Nijeriya ta ci 65 da 48, gidan ya kaure da sowa, ni kuwa na koma Samaru a cikin A-Daidaita-Sahu ina ta juya sunan a bakina.

An haifi A'isha Muhammad a Legas ranar 21 ga Oktoban 1985. A wasu jerin sunayen 'yan wasa na shekarun baya-bayan nan ana rubuta ta A'isha Balarabe, kuma Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan suna na wanda aka haifa ranar Laraba. Doguwa ce da ta haura ƙafa shida, kuma a fili wurinta shi ne ƙarƙashin kwando, inda ake cunkoso da gwara kafaɗa. Ya kamata in ɗan tsaya a nan, domin wanda bai san wasan ba idonsa yakan tafi ne ga mai jefawa daga nesa. Amma kusan rabin jifan da ake yi ba ya shiga. Ƙwallon takan bugi bakin kwando ko allon da ke bayansa ta dawo. Wanda ya cafke ta a wannan daƙiƙa, ko dai ya ba ƙungiyarsa damar sake jifa, ko ya katse wa abokan hamayya hanzari. Aiki ne na gwiwar hannu da haƙarƙari, ba ya fitowa kyakkyawa a hoto, kuma shi ne aikin da aka san A'isha da shi.

Wasan da ta shiga yana da nasa tarihin da mata. James Naismith ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1891, kuma shekara ɗaya tak bayan haka wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa ɗalibanta mata. Duk da haka sai a 1976, a birnin Montreal na Kanada, aka buɗe wa mata ƙofarsa a gasar Olamfik. A Afirka an fara gasar mata tun 1966, kuma Senegal ce ta daɗe tana cin karenta babu babbaka. Har ƙarni na ashirin ya shuɗe Nijeriya ba ta taɓa ɗaga kofin ba.

A ƙarshen 2003, a Maputo, aka karya wannan ƙofi. Matan Nijeriya, waɗanda aka fi sani da D'Tigress, sun doke Mozambik a gabanta da gaban 'yan kallonta, suka ɗauki kofin Afirka karo na farko, kuma A'isha tana cikinsu da shekara goma sha takwas. Nasarar ce ta ba su tikitin Olamfik na 2004 a birnin Atens na ƙasar Girka. Tauraruwar ƙungiyar a lokacin ita ce Mfon Udoka, wadda aka haifa a Amurka, akwai kuma Mactabene Amachree, mai horarwa shi ne Sam Vincent, tsohon ɗan wasan NBA. A'isha tana cikin ƙananan tawagar. Sun buga wasa biyar a rukuni, an cinye su duka biyar. Saura wasan raba na goma sha ɗaya da na goma sha biyu, irin wasan da ake yi zaure rabi babu kowa. A nan suka doke Koriya ta Kudu 68 da 64. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiyar mata ta Afirka ta ci wasan ƙwallon kwando a Olamfik. Shekara ta gaba aka kawo gasar Afirka Abuja, suka kare kambinsu a kan Senegal. Yarinya tana da shekara ashirin, ta riga ta ɗaga kofin nahiya sau biyu, ta je Olamfik.

Da labarin fim ne, da a nan za a rufe labule. Amma abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina, domin daga 2005 kofin ya yi wa Nijeriya yaji har shekara goma sha biyu. Mali ta ɗauka a 2007, Senegal a 2009, Angola a 2011 da 2013, Senegal ta sake a 2015. An yi Olamfik uku, na Beijin da Landan da Riyo, babu matan Nijeriya a ko ɗaya. Shekara goma sha biyu a rayuwar ɗan wasa ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa ita ce rayuwar wasan gaba ɗaya. Waɗanda suka je Atens sun yi ta ajiye takalma ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari yaran da ke tasowa ba su san an taɓa yin wata nasara a kan Koriya ba.

A cikin waɗannan shekaru A'isha ta bi hanyar da kusan duk 'yar wasan Nijeriya mai rabo take bi. Ta tafi Amurka, ta fara da kwalejin Central Arizona, ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyu da suke zama tsani ga ɗaliban da suka zo daga nesa. Daga nan ta wuce Jami'ar Virginia, ta buga kaka biyu tsakanin 2007 da 2009 a hannun Debbie Ryan, mai horarwar da ta shafe fiye da shekara talatin a wannan jami'a. Dalilin da ya sa jami'ar Amurka za ta ɗauki nauyin karatun yarinya daga Legas don ta buga mata ƙwallo yana cikin wata doka ta 1972 da suke kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Tun da ana ba maza gurbin karatu kyauta saboda wasa, dole a ba mata. Doka ce da aka yi don 'ya'yan Amurkawa, amma inuwarta ta kai har Legas da Dakar da Bamako. Ina ganin wannan shi ne abin da Gwaggo ba ta sani ba, ni ma ban sani ba: ƙwallon ba kishiyar karatu ba ce a wancan tsari, ita ce ma kuɗin makaranta.

Bayan jami'a sai neman abinci. Gasar ƙwararrun mata ta Amurka, WNBA, wadda aka fara a 1997, ta yi shekaru da ƙungiya goma sha biyu kacal, kowace da 'yan wasa kusan goma sha biyu. Gurbi ɗari da arba'in da 'yan kai ke nan ga duniya baki ɗaya. Saboda haka yawancin ƙwararrun mata a Turai suke cin abincinsu, a ƙasashe irin su Sifaniya da Faransa da Turkiyya, da kwantiragin kaka ɗaya, yau kana nan gobe kana can, harshe baƙo, abinci baƙo, kuma rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe littafin. A'isha ta yi wannan rayuwa, ta buga a Turkiyya, ta kuma sa rigar First Bank ta Legas, ƙungiyar da ta fi kowace tarihi a wasan mata a ƙasar nan, wadda ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka a 2003 da 2009.

Wasan da na gani a Sabon Gari shi ne ƙarshen farin. Abin da ban sani ba a ranar shi ne mai horarwar da ke tsaye a gefen fili a Bamako shi ne dai Sam Vincent na Atens, kuma wadda ya sani tana ƙaramar tawaga ta zama babbar yaya, tana da shekara talatin da ɗaya, a tsakiyar sabon jini irin su Evelyn Akhator da Ezinne Kalu. Da yawa daga cikin sababbin an haife su ne ko sun girma a Amurka. A irin wannan ƙungiya, samun mutum ɗaya da ta san ɗanɗanon kofin da kuma ɗacin rashinsa ba ƙaramar dukiya ba ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a jere. A 2018, a gasar cin kofin duniya da aka yi a tsibirin Tenerife na Sifaniya, sun doke Turkiyya da Ajantina, suka fitar da Girka da maki ɗaya rak, 57 da 56, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta shiga sahun takwas na ƙarshe, inda Amurka ta tsayar da su. A 2019 suka bi Senegal har gida, suka doke ta 60 da 55 a Dakar, cikin zauren da ya cika maƙil da masu yi musu ihu. Kofin A'isha na huɗu ke nan, shekara goma sha shida bayan na farko.

Sai Tokiyo. Annobar korona ta sa an ɗage gasar zuwa 2021, aka yi ta babu 'yan kallo. Nijeriya ta faɗa rukuni ɗaya da Amurka da Faransa da Japan, kuma waɗannan ukun su ne suka kwashe zinariya da tagulla da azurfa a ƙarshe. An ci Nijeriya duka wasannin uku, ko da yake Amurka da tazarar maki tara kawai ta sha, 81 da 72. Na kalli wannan wasa a wayata, a ɗakin kwanan ɗalibai na Amina, ina lissafin data. Cikin mata goma sha biyu da suka sa rigar Nijeriya a Tokiyo, A'isha kaɗai ce ta taka fili a Atens. Shekara goma sha bakwai tsakanin Olamfik ɗinta na farko da na biyu: ta je na farko tana da goma sha takwas, ta je na biyu tana da talatin da biyar. Wanda ya duba sakamakon kawai zai ce ta je ta dawo hannu rabbana. Ni kuwa a ganina komawar kanta ita ce babban abin da ta yi a wasa, ta fi kofunan huɗu wuya, domin kofi na ƙungiya ne, amma tashi da asuba a yi atisaye a shekarun da babu mai tambayar labarinka, wannan na mutum ɗaya ne.

Ba zan ɓoye cewa ƙasar da suka yi wa wannan hidima ba kullum ta kyauta musu ba. A watan Oktoban 2021, bayan ƙungiyar ta ci kofin Afirka na uku a jere a Yawunde, 'yan wasan sun fito a faifan bidiyo suna kokawa kan alawus da ladan da ba a biya su ba. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye Nijeriya daga wasannin ƙwallon kwando na duniya na shekara biyu, saboda rikicin shugabanci a hukumar wasan. An janye matakin bayan 'yan makonni, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: an miƙa wa Mali gurbin da matan suka sha wuya suka samu a gasar cin kofin duniya ta Sidni. Maza ne suka yi rigimar kujera, mata suka biya.

Duk da haka ginin bai rushe ba. A 2023 Rena Wakama ta zama mace ta farko da ta horar da ƙungiya ta ci kofin matan Afirka, a Kigali. A Olamfik na Faris a 2024 sun doke Ostireliya 75 da 62, nasararsu ta farko a Olamfik tun wadda aka yi a kan Koriya shekara ashirin baya, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai sahun takwas na ƙarshe. A 2025 a Abijan suka ɗauki kofin Afirka na biyar a jere. A ƙarƙashin kwando, wurin da A'isha ta bari, akwai Murjanatu Musa, wadda aka haifa a 2000, shekarar da aka haife ni. Ta fito ne daga gasar cikin gida: da Air Warriors ta Abuja ta ci kofin mata na ƙasa a 2019, aka zaɓe ta gwarzuwar gasar, ta wuce Sifaniya, ta wuce Tarbes ta Faransa, har ta sa rigar Phoenix Mercury a WNBA a 2025.

A nan ne tarihin ya dawo mini gida yana ciwo. Zariya ba baƙuwa ba ce a ƙwallon kwando. Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Koci OBJ, ya shafe gomman shekaru yana horar da matasa a filayen jami'armu. A garin nan Masai Ujiri ya girma ya fara riƙe ƙwallo, shi ne kuma shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ke nan fili akwai, masu koyarwa akwai, dogayen 'yan mata kuwa, wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Samaru minti goma zai ƙirga su. A arewa ma akwai ƙungiyoyin mata da suka buga gasar ƙasa, irin su AHIP Queens ta Kano da Kada Angels ta Kaduna. Abin da ke yanke hanya yana faruwa ne tsakanin shekara goma sha huɗu da goma sha shida, daidai lokacin da 'yar wasa take fara zama 'yar wasa, daidai kuma lokacin da gida ke fara kallonta da wani ido.

Ba na cikin masu cewa iyayenmu ba su da hujja. Maganar sutura gaskiya ce, kuma ta daɗe ba laifin gida kaɗai ba. Hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta yi shekaru tana hana rufe kai a fili, har matan Katar suka fice daga gasar ƙasashen Asiya a 2014 a kan haka. Sai a watan Mayun 2017 aka sauya dokar, bayan fafutukar mata irin su Bilqis Abdul-Qaadir ta Amurka, kuma ta fara aiki a watan Oktoba na shekarar. A shekarar da na daina wasa, da na dage har na kai matakin ƙasa da ƙasa, da doka ta ce in zaɓa tsakanin ɗankwalina da rigar Nijeriya. Yau wannan zaɓi ya kau. Abin da ya rage a hannunmu yake: sa'o'in da za a ware wa mata su kaɗai a fili, mata masu horarwa da uwa za ta yarda ta damƙa musu 'yarta, da makarantun 'yan mata da za su ɗauki wasan da muhimmanci kamar yadda suke ɗaukar gasar kacici-kacici.

Autarmu tana da shekara goma sha huɗu yanzu, ta kere ni tsawo da tafin hannu. Shekara biyu ke nan tana zuwa filin da dogon wando da ƙaramin hijabi, ni nake rakata in na taso daga aiki. A hutun da ya wuce mai horar da su ya ce yana so ta bi su wata gasa a Kaduna, kwana uku, sai da sa hannun uba. Takardar ta yi mako guda a ƙarƙashin rediyon Baba.

Ranar da na ga ya kamata in yi magana, na same shi a zaure bayan Isha'i. Ban kawo masa maganar kuɗin da Shugaba Tinubu ya yi wa 'yan wasan alƙawari bayan Abijan ba, ko da yake na san abokansa na majalisa sun tattauna ta, domin na san ba ta nan ake shigarsa ba. Na ba shi labarin A'isha ne tun daga Maputo har Tokiyo, kamar yadda na rubuta shi a nan. Ya saurara yana jan carbi. Da na kai kan Jami'ar Virginia sai ya ɗaga hannu.

"Kika ce ƙwallon ce ta biya mata karatun?"

"Ita ce, Baba."

"Kuma shekara nawa kika ce ta yi tana yi?"

"Goma sha takwas da rigar ƙasa."

Ya yi shiru har na ɗauka zancen ya mutu. Can ya ce in kira masa Auta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya tambaye ta wace malama ce za ta kwana da su a Kaduna, ya ce yana son lambar wayarta, kuma ni zan bi su ko da kuɗin motata zai fito daga aljihunsa. Sannan ya jawo takardar daga ƙarƙashin rediyo, ya miƙa wa hasken fitila, ya ce, "Gwaggonku kuwa, ku bar ni da ita. Ina biron nan yake?"